Ranar da Mai Agogo Bai Kankare Jikinsa Ba

Tun kafin Auta ta cire takalmi ta jiyo Umma tana jan tsaki a falo, irin tsakin da take yi idan ta tarar da mataccen ɓera a bayan firji.

"Shigo, shigo," in ji Umma. "Zo ki ga abin da kike son kawo mini gida."

Manaja yana zaune a doguwar kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, turarensa ya cika ɗakin har maƙogwaro. Ɗan aminiyar Umma ne, babba a kamfanin inshorar lafiya. Tun bara yake sintiri a gidan da ledojin tsaraba, duk da Auta ta gaya masa baki da baki tana da wanda take so.

Umma ta miƙo mata wayarsa da yatsu biyu, kamar wayar ce ke da ciwon.

Hoton bayan mutum ne, daga wuya har ƙugu. Fatar ta yi ja, farin ɓawo ya lulluɓe ta kamar jikin kifi. Babu fuska a hoton. Amma a bayan wuyan akwai tawadar Allah mai lanƙwasa kamar wutsiyar ƙadangare, Auta kuwa kullum tana kallon wannan tawadar daga shagon tabarau inda take aiki, idan mai ita ya sunkuya kan agogunansa.

Mai Agogo ne.

"Matsa gaba," in ji Manaja, yana sosa kunne da dogon farcen ƙaramin yatsansa. "Akwai na cinya ma."

Auta ta ɗago kai daga wayar, ta dube shi.

"A ina ka samo wannan?"

"A fayil ɗinsa mana. Shi ya aiko mana da hannunsa."

"Kamfani ya aika wa. Ba falon Umma ya aika wa ba."

"Au, gara da na gani!" Umma ta dafe ƙirji. "Kuturu, Auta? Duk mazan garin nan ki rasa sai kuturu?"

"Ba kuturta ba ce, Umma. Ciwon fata ne, ba ya kama kowa. Likita ya ce..."

"Likita zai wanke miki zanin gado? Ni zan goya jikoki suna zuba mini gari a baya?"

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta share ba.

"Mutum ya tuɓe rigarsa gaban likita don neman magani, Yaya Manaja, kai kuma ka ɗauko kana nuna wa mata ana shan lemo."

"Ni taimakon gidan nan na yi," in ji shi, ko a jikinsa.

Daga ɗakin ciki Baba ya yi gyaran murya. Tsohon direban babbar mota ne, ya ga duniya, ya kuma dawo da ita cikin bakinsa. Idan ya fara labarin akuya mai kai biyu, ko garin da aka yi ruwan kwaɗi, maƙwabta sai su tuna sun bar tukunya a wuta. Shi kaɗai bai ce komai ba tukuna kan Mai Agogo. Agogon bangon falon ma ya daɗe da tsayawa, Baba ya ce yaron ba zai taɓa shi ba sai ya yanke shawara a kansa.

"Na riga na faɗa," in ji Baba daga ciki. "Ya zo Alhamis da safe, in gan shi da idona."

Manaja ya yi murmushi.

"Ikon Allah. Ranar ce kuwa kwamitinmu zai gan shi, da rana."

Auta ta dubi Umma. Umma ta kau da kai, ta shiga gyara labule. Nan Auta ta gane wadda ta kai wa Manaja ranar, da wanda ya sa zaman kwamiti ya faɗo daidai kanta.

*

Lokacin da Auta ta san Mai Agogo, jikinsa sumul yake. Akwai wata allura da likitansa ya samo ta gwaji, ana yi masa jefi-jefi, ɓawon ya ɓace kamar an share da tsumma. A cikin wannan lafiyar ya fara tsallako hanya yana cewa tabaransa ya kwance, alhali shi ya kwance shi da kansa.

Sai ta gwajin ta ƙare.

Kamfanin inshora ya ce allurar ba ta cikin jerin magungunan da ya amince ya biya. Wai sai ya fara shafa mai, ya sha ƙwayoyin da ke cikin jerin, a ga sun kasa. Ya shafa, ya sha. Ƙwayoyin suka riƙa sa shi amai, ɓawon ya dawo da 'yan uwansa, gaɓoɓin yatsunsa suka fara kumbura.

Kamfani ya ce to, hoto na buɗe fayil ne kawai. Sai likitocin kwamiti sun ga jikin da idonsu, sun auna ko ɓawon ya kai yawan da ake so.

Ya je, aka ƙi. Ya sake zuwa, aka sake ƙi. In aka ƙi wannan karon, an rufe fayil ke nan.

Dalilin kuwa Auta kaɗai ta sani. Mai Agogo mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa. Ba ya iya shiga gaban manya yana zuba. Duk ranar da zai je kwamiti sai ya jiƙa jikinsa a ruwan ɗumi, ya kankare da soso har jini ya tsattsafo, ya mulke da mai, ya sa riga mai guga. Likitoci su duba, su ga fata ja tana sheƙi, su rubuta ciwo ya yi sauƙi.

Manaja ma, ashe, ya gano hakan.

*

Washegari Manaja ya shigo shagon tabarau. Ya bi kan kanta yana gwada wannan, yana ajiye wancan, farcen nan da ya fito daga kunne yana taɓa kowane gilashi.

"Wanne ya fi yi mini kyau, ƙanwata?"

"Babu."

Ya yi dariya, ya hura wa gilashin iska daga bakinsa, ya goge da gefen riga.

"Kin san kwamitin nan, likitoci suna dubawa, ni nake sa hannu. Ko sun ce eh, ina iya cewa a sake nazari. Ko sun ce a'a, ina iya cewa a tausaya."

"To ka tausaya mana."

"Ai abin da ya kawo ni ke nan. Ki ce wa Baba kin haƙura da shi. Ranar Alhamis ko da sabulu ya zo a jikinsa zan sa masa hannu. Ya samu allurarsa, ya warke, ya nemi daidai shi. Kowa ya ci riba."

"Ni kuma?"

"Ke kin samu miji mai fata."

Auta ta dube shi, tun daga man da ya sha kansa har takalmin da ke ƙyalli.

"Jikinsa na zubar da ɓawo, Yaya Manaja, ana sharewa da tsintsiya. Kai abin da kake zubarwa ban san da me za a share ba."

Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Ki yi tunani. Yatsun nan nasa ba za su daɗe suna riƙe sukurun agogo ba."

Da ya fita ta kwashe duk tabarau ɗin da ya taɓa, ta zuba a roba, ta wanke da sabulu sau da yawa har mai shagon ya tambaye ta ko lafiya.

*

Rumfar Mai Agogo tana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsallaken hanya. Agoguna sun cika bangon, kowanne da lokacin da ya ga dama. Akwai wani na katako mai ɗan tsuntsu a ciki, wanda tun da ya faɗi ƙasa tsuntsun yake fitowa da wutsiya, ya yi kukansa yana kallon ciki. Mai Agogo ya ƙi gyara shi. Ya ce yana son abin da ke jin kunya.

Auta ta same shi da gilashi a ido ɗaya, yana share baƙin ƙyallen aikinsa da ɗan buroshi, don kada ɓawo ya faɗa cikin agogon mutane.

"Mai Tabarau," in ji shi. "Wa ya taɓa mini ke?"

Ta zauna kan benci, ta gaya masa komai. Hoton, ranar Alhamis, da cinikin da Manaja ya kawo.

Ya cire gilashin idonsa ya ajiye.

"Umma ta gani?"

"Ta gani."

"Har na cinyar?"

"Har shi."

Ya rufe fuska da tafukansa. Kafaɗunsa suka fara rawa, farin gari yana sauka kan baƙin ƙyallen da ya gama sharewa.

"Matar da ta ɗauki hoton," in ji shi cikin tafin hannu, "ta ce mini likita kaɗai zai gani. Sai da na tambaye ta, Auta. Na sake tambayarta."

"Na sani."

"To shi ke nan. Zan kankare. Zan zo wa Baba fes. Inshora ta riƙe allurarta."

"Ba za ka kankare ba."

"In zauna gaban mahaifinki ina zubewa kamar tsohon bango?"

"Eh."

"Auta, ke ba ki san yadda abin yake ba. A mota mutum ya matsa har ya kusa faɗawa ta taga. Mai shago ya ajiye mini canji a kan kanta, ba a hannu ba. Na saba. Amma idon Baba, in ya kalle ni haka..."

"In ka kankare, kwamiti ya rufe fayil," ta ce. "Yatsunka su sandare. Sannan me? Ka aure ni kana kwana da doguwar riga? Kullum ka tashi kafin ni ka share gado? Ni ba zan zauna da mutumin da zai ƙare rayuwarsa yana ɓoye mini jikinsa ba."

"Ko ki karɓi tayinsa," in ji shi a hankali. "Ni in warke, ke ki huta da Umma."

Ta miƙe tsaye.

"Maimaita."

"Auta..."

"Maimaita in ji, don in san ko kai ma ka sa mini farashi kamar shi."

"Wallahi ba haka nake nufi ba."

"To ka ji. Ni ba na ƙyamarka. Sai dai yau, da wannan maganar, ka kusa."

Kuka ya ci ƙarfinta. Shi ma yana yi. Tsuntsun katako ya zaɓi wannan lokacin ya fito da wutsiya, ya yi kukansa, ya koma.

"Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa soso ba."

Ya ɗauki buroshin, ya ci gaba da share ƙyallen. Bai yi alkawarin ba.

*

Ranar Alhamis Manaja ya riga kowa zuwa, wai ya biyo ne ya gaida Baba kafin ya wuce ofis. Umma ta kawo masa shayi a kofin baƙi mai bakin zinari.

Baba ya fito ya zauna, ya ɗora hannu kan sandarsa. Auta tana tsaye jikin ƙofar kicin, tana murza gefen mayafi.

Aka yi sallama.

Mai Agogo ya shigo, ya durƙusa ya gaida Baba. Rigarsa ta sha guga, an ɓalle maɓallin har wuya. Amma ɓawon ya hau goshinsa ta gefen gashi, ya cika bayan kunnuwansa, ya yi fari fat a bayan hannuwansa.

Bai kankare ba.

Auta ta saki gefen mayafin.

"Zauna a can," in ji Baba, ya nuna masa kujera mai baƙin yadi.

Ya zauna a bakin-bakinta. Duk motsin da ya yi sai gari ya sauka. Umma ta toshe hanci da mayafi, alhali babu wani wari a ɗakin sai turaren Manaja.

"A ba baƙo ruwa," in ji Baba.

Umma ta shiga kicin, ta fito da tsohon kofin roba wanda ake zuba wa shukokin taga ruwa da shi. Ta dire a ƙasa, ta tura da ƙafa.

Mai Agogo ya ɗauka da hannu biyu, ya ce na gode, ya kurɓa, ya ajiye.

"Auta," in ji Umma, "sa leda a hannu ki kai shi bola."

Auta ta taka har gaban kujerar. Ta ɗauki kofin, ta juya shi daidai inda bakinsa ya taɓa, ta shanye sauran ruwan.

"Na shiga uku!" Umma ta ɗora hannu a ka. "Ku taya ni gani! 'Yar da na haifa!"

Baba bai kula ta ba.

"Yaro, naɗe hannun riga in gani."

Ya naɗe. Baba ya matso da fuska sosai, ya daɗe yana kallo, kansa a karkace.

"Ikon Allah. Kamar taswira. Ga kogi, ga tsibiri. Yana ƙaiƙayi?"

"Sosai, Baba."

"Me ya sa ka zo mini haka, ba ka gyara ba?"

"In na gyara, kwamiti zai ce na warke, su hana ni maganin. Na so in gyara saboda kai. Ita ta ce kada in yi."

"Baba, wannan ai kaɗan ka gani," in ji Manaja. Ya taso da sauri ya miƙa wayarsa. "Duba sauran. Har wuraren da ba a faɗa."

Baba ya karɓa. Ya kalli hoto ɗaya, ya kife wayar a cinyarsa.

"Shi ya ce ka nuna mini?"

"A'a, amma ai aikina ne, ni ke..."

"Kai ya tuɓe wa, ko likita?"

Manaja ya shiga sosa kunne da farcen nan.

Baba ya yamutsa fuska.

"Na yi dakon ɗanyar fata a tsakiyar zafi. Na ɗauki kaji suka mutu mini a hanya, na kwana da su a mota. Ban taɓa jin amai ya taso mini kamar yau ba."

"Ka ji ko!" in ji Umma. "Ai na faɗa!"

"Ba da yaron nake ba, Uwar Auta. Da wanda kika ba kofin zinari nake."

Baba ya zura wayar a aljihun rigarsa, ya juya ga Mai Agogo.

"Su wa ke zama a kwamitin nan?"

"Likitoci, sai shi."

"In ba ya nan fa?"

"Mataimakiyarsa ke sa hannu."

"To tashi. Auta, raka shi, kada ya haɗu da famfo a hanya zuciyarsa ta karaya."

Mai Agogo ya miƙe. Baƙar kujerar ta yi fari inda ya zauna.

"A fitar mini da kujerar nan waje," in ji Umma cikin kuka. "A ƙone ta."

Baba ya dogara sanda, ya tashi daga tasa kujerar, ya taka a hankali, ya zauna daram a kan garin. Har da gyara zama.

Manaja ya dubi agogon hannunsa.

"Baba, ni ma bari in wuce, ina da zama."

"Koma ka zauna. Ba 'yata ka ce kana nema ba? Ina magana za ka tashi?"

"Wayata, Baba..."

"Tana nan lafiya. Ina tunani ne, ko in mayar maka, ko in ɗauki sandata in kai wa manyanka su ga abin da ke cikinta. Ni kuwa ba na iya tunani sai ina ba da labari." Ya dubi Umma. "Ƙaro masa shayi. Na taɓa ba ka labarin akuya mai kai biyu?"

Manaja ya koma kujera kamar an zare masa laka.

Auta ta san labarin nan. Tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin an kai ƙarshensa da sauran rana ba, don kowane kai na akuyar da nasa tarihin.

Suna bakin ƙofa Baba ya ɗaga murya.

"Mai Agogo!"

"Na'am, Baba."

"In kun dawo ka zo da kayan aikinka. Agogon bangon nan ya ishe ni da shiru."

Mai Agogo ya waiwaya. Auta ta tura shi waje, ta ja ƙofa. Ta cikin katakon suna jin Baba yana cewa wata shekara ce da taya ta fashe masa a gefen wani kogi.

A kan titi Mai Agogo ya share ido da bayan hannu. Ya dubi kafaɗarsa, ya ga ta yi fari, hannunsa ya tashi da kansa zai kaɗe, yadda ya saba.

Auta ta cafke hannun rigar.

"Bar shi," ta ce. "Kada ka zubar da ko ɗaya. Na kwamiti ne."